Wa ya kaɗa gitar nan?

Kwana biyu kun ji ni shiru, wallahi rubutun digiri ne ya sa ni a gaba, ga kuma sanyin garin nan da ba ya jin bari. Yau dai na ce ko ana ha-maza-ha-mata sai na zauna na rubuto muku, domin akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun ranar Lahadi da muka yi waya da Auta.

Duk wanda ya san gidanmu ya san Auta ya daɗe yana haɗa kiɗa a wani situdiyo. Ya ce mini wata waƙa da ya kwana uku yana haɗa mata kiɗa ta karɓu sosai, ana sa ta a gidajen biki, tana cikin wayar kowa, amma ko'ina sunan mawaƙin kaɗai ake gani. Shi kuwa an sallame shi tun ranar da aka gama aiki. Da na ce masa ya yi magana mana, sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai haka ake yi." Wannan "haka ake yi" ɗin ce ta tuna mini da wasu bayin Allah a nan Amurka. Na san Yaya Babba zai ce an tura ni karatu na ɓuge da tarihin makaɗa. Yaya, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe tukuna.

A shekarata ta farko a ƙasar nan wani abokin karatuna ya ja ni zuwa birnin Detroit, muka shiga wani ɗan gida a kan titin West Grand Boulevard. A nan ne Berry Gordy ya kafa kamfanin faifai na Motown a 1959, da bashin dala 800 da ya karɓa daga danginsa. Daga wannan gida aka fitar da Stevie Wonder da Marvin Gaye da Diana Ross da ƙungiyar Temptations, wato manyan taurarin kiɗan sol na baƙaƙen Amurka. Tun 1985 aka mayar da gidan wurin tarihi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɗakin da ake ɗaukar waƙoƙin. Tsohon gareji ne kawai, bai fi wani falon a gida girma ba. Makaɗan sun yi masa laƙabi da ramin macizai saboda wayoyin da ke reto daga rufinsa.

A cikin wannan rami akwai wasu mutane da suka yi ta aiki dare da rana daga 1959 zuwa 1972. Suna kiran kansu Funk Brothers. Akwai Benny Benjamin mai ganguna, da Earl Van Dyke mai fiyano, da Robert White da Joe Messina da Eddie Willis masu gita, da Jack Ashford mai tambarin hannu, sai kuma gwaninsu James Jamerson mai gitar bas, wato gitar nan mai kaurin murya da take riƙe waƙa daga ƙasa. Mawaƙa suna zuwa suna tafiya, yau wannan gobe wancan, su kuwa suna nan zaune daram. Kusan duk wata shahararriyar waƙar Motown ta shekarun 1960 hannunsu ne a ciki. Amma in ka ɗauki bangon faifan wancan lokaci ka duba gaba da baya, ba za ka ga sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Tsarin kamfanin ke nan.

Ku ɗauki Jamerson. Yawanci da yatsa ɗaya yake kaɗa gitarsa. Kafin shi, aikin mai bas shi ne ya riƙa maimaita 'yan sautuka kaɗan don a samu abin taka rawa. Shi sai ya mayar da bas ɗin kamar wata murya ta biyu da ke amsa wa mawaƙi, tana hawa tana sauka, tana shiga inda ba a zata ba. A can Ingila Paul McCartney na ƙungiyar Beatles yana sauraron faya-fayan Motown yana koyo daga wannan hannu, kuma ya sha faɗin haka da bakinsa. To amma a lokacin, masu koyi da shi da yawa ba su ma san sunansa ba, domin babu inda aka rubuta.

Sai a 1971 abin ya canja, sanadin faifan Marvin Gaye mai suna What's Going On. Wannan faifai yana da nasa labarin. Ƙanen Marvin, Frankie, ya dawo daga yaƙin Vietnam da labarai masu tayar da hankali. Shi kuma Obie Benson na ƙungiyar Four Tops ya ga 'yan sanda suna dukan masu zanga-zanga a Berkeley a 1969, daga nan ya fara tsara waƙar da ta zama sunan faifan. Da farko Gordy bai so a fitar da ita ba. Marvin ya kafe, waƙar ta fito a Janairun 1971, ta yi kasuwa, sannan aka ba shi dama ya kammala faifan, ya fito a watan Mayu. Faifai ne da ke magana kan yaƙi da talauci da gurɓatar muhalli, ga waƙoƙin a sarƙe da juna kamar zance ɗaya. A 2020 mujallar Rolling Stone ta sa shi na ɗaya a jerin faya-fayai 500 da ta zaɓa. Ni dai abin da ya fi taɓa ni shi ne a jikin bangonsa aka jera sunayen makaɗan. Bayan shekara goma sha biyu ana aiki, ranar ce jama'a suka ga sunan James Jamerson a rubuce.

Kun san abin da ya biyo baya? A 1972 kamfanin ya tattara ya koma Los Angeles. Makaɗan sun ba da labari cewa takarda suka tarar manne a ƙofa, an ce babu aiki. Jamerson ya bi kamfanin can, amma abubuwa ba su yi masa daɗi ba, ga rashin lafiya. A 1983 aka yi gagarumin bikin cikar Motown shekara 25, wanda Michael Jackson ya yi rawar nan tasa ta ja da baya. Abokan aikinsa sun ce tikiti Jamerson ya saya ya zauna can sama cikin 'yan kallo. A watan Agustan shekarar ya rasu yana da shekara 47. Sai a 2000 aka sa sunansa a zauren karrama gwanayen kiɗan rok. A 2002 aka yi fim a kansu mai suna Standing in the Shadows of Motown, a 2004 kuma aka ba ƙungiyar lambar yabo ta Grammy. Da yawansu a lokacin sun riga sun kwanta dama. A cikin fim ɗin aka ba da labarin Robert White, wanda ya kaɗa gitar da ke buɗe waƙar My Girl. Wata rana yana gidan cin abinci aka sa waƙar, ya buɗe baki zai gaya wa mai kawo abinci cewa shi ne, sai ya fasa, don yana ganin ba za a yarda ba. Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada ku ɗauka wannan ciwo na kiɗan sol ne kawai. A ɓangaren rok ma haka abin yake. Faifan Pet Sounds na ƙungiyar Beach Boys, wanda ya fito a 1966, ana sa shi cikin mafiya kyau a tarihi. Yawancin kayan kiɗan da ke ciki makaɗan haya na Los Angeles ne suka kaɗa, irin su Hal Blaine mai ganguna da wata mata mai suna Carol Kaye mai bas. A bangon faifan akwai hoton 'yan ƙungiyar suna ba awaki abinci a gidan namun daji. An samu wurin awaki, ba a samu wurin sunan makaɗa ba. Haka a 1969 ƙungiyar Rolling Stones ta sa aka taso Merry Clayton cikin dare, tana da juna biyu, ta zo ta sa muryarta a waƙar Gimme Shelter. Duk wanda ya ji waƙar ya san muryarta ce ke sa tsigar jiki tashi. Da faifan Let It Bleed ya fito, an rubuta sunanta, amma Mary aka sa maimakon Merry.

To, bari in faɗi hujjar ɗaya ɓangaren, don kada a ce na yi son kai. Wani abokina a nan, ɗalibin tattalin arziki, ya ce mini ai an biya su. Makaɗin haya yana karɓar kuɗinsa ko faifai ya sayu ko bai sayu ba, kamfani ne ke ɗaukar asara. Ya ƙara da cewa Gordy ya taɓa aiki a masana'antar haɗa motoci, kuma a kan wannan tsari ya gina Motown, kowa da ɗan aikinsa. Wa ya taɓa ganin sunan mai ɗaure noti a jikin mota? Maganarsa akwai ƙamshin gaskiya, kuma na yarda cewa wanda ya zuba jari yana da haƙƙinsa.

Inda muka rabu shi ne a nan. Noti kowa ya ɗaure shi iri ɗaya ne. Bas ɗin Jamerson kuwa daga kansa ya fito, in ka cire shi ka sa wani, waƙar ta zama wata daban. Wanda ya ƙirƙiri wani sashe na waƙa ya wuce ɗan ƙwadago, ya shiga sahun masu ita. Akwai ma misalin da ya kai gaban shari'a. A Janairun 1973 ƙungiyar Pink Floyd ta kira wata mawaƙiya, Clare Torry, zuwa situdiyon Abbey Road a Landan. Ba a ba ta baiti ko ɗaya ba, an dai sa mata kiɗa aka ce ta yi abin da ya zo mata. Ta yi ta rera sauti ba kalma, abin da ya zama The Great Gig in the Sky a faifan The Dark Side of the Moon. Fam 30 aka biya ta. Faifan ya sayar da kwafi sama da miliyan 40. A 2004 ta kai ƙara, a 2005 aka sasanta, daga nan aka fara rubuta sunanta tare da na Richard Wright a matsayin waɗanda suka tsara waƙar. Shekara talatin da biyu ta jira. Kuma ba wai abin yana da wuya ba ne in an so. A 1969 Beatles sun fitar da Get Back, suka rubuta sunan Billy Preston mai fiyano kusa da nasu a jikin faifan. Bai rage su da komai ba.

Sunan nan da nake ta nanatawa abinci ne. Wanda aka san shi ne ake nema da aiki, shi ne ke iya tsayawa ya faɗi farashinsa. Wanda aka ɓoye sunansa kuwa kullum a hannun mutum ɗaya yake, ranar da aka manna takarda a ƙofa shi ke nan.

Darasi na biyu kuma daga birnin Memphis yake, kuma Auta da kai nake. Jim Stewart da yayarsa Estelle Axton su suka kafa kamfanin Stax, inda Otis Redding ya yi faifansa Otis Blue a 1965 tare da makaɗan Booker T. & the M.G.'s, baƙaƙe biyu farare biyu, a zamanin da ake wariyar launin fata a kudancin Amurka. A wannan shekarar Stewart ya sa hannu a yarjejeniyar rarraba faya-fayai da kamfanin Atlantic ba tare da ya tantance abin da ke ciki ba. A Disambar 1967 Otis ya rasu a haɗarin jirgin sama yana da shekara 26. A 1968, da aka zo rabuwa, sai aka gano cewa wani sashe na takardar ya mallaka wa Atlantic ainihin kaset-kaset na waƙoƙin da ta rarraba. Cikin 'yan watanni Stax ta rasa babban tauraronta, ta kuma rasa aikin shekaru. Mai kamfani ke nan fa, ina ga ɗan ƙaramin makaɗi?

Saboda haka Auta, shawarata ita ce kafin ka taɓa fiyano a kan aikin wani, ku yi magana a fili: nawa ne, ina za a sa sunanka, kuma in waƙa ta yi kasuwa mene ne rabonka. A rubuta, ka karanta, in ba ka gane ba ka kai wa wanda ya gane. Na san mawaƙanmu suna da ɗabi'a mai kyau ta ambaton mai kiɗa a cikin waƙa, kuma ina yaba musu, sai dai ambato ba ya auno shinkafa. Kunya ce take cutar da mu a irin wannan, alhali neman haƙƙi cikin ladabi ba rashin kunya ba ne.

Sauran 'yan uwa kuma, roƙona ƙarami ne. Duk ranar da wata waƙa ta yi muku daɗi, ko ta gida ko ta waje, ku tambaya wa ya yi kiɗan. Mu da muka tashi da waƙoƙin Shata, mu tambayi kanmu mutum nawa muka sani cikin masu kalangunsa da 'yan amshinsa. Ni kaina da na gwada, kunya ta kama ni.

Bari in tsaya nan, gobe da sassafe ina da ganawa da malamina kuma ban gama gyaran babi na uku ba. A gaishe mini da Hajiya da kyau, a ce mata ina sa rigar sanyi kamar yadda ta ce. Yaya Babba, in ka kawo nan, to na gode, ina jiran faɗan a waya. Allah ya bar zumunci, ya sa mu gana da alheri.

Naku har kullum.