Kafin ka jona wa firintarka wuta

 A makon jiya mun kammala haɗa gangar jikin firintar 3D, wato na'urar da ke narkar da zaren roba tana jera shi hawa-hawa har ya zama abin da aka zana a kwamfuta. Yau za mu shiga haɗa wayoyi da gwada su, kuma a nan ne akasarin masu koyo ke yin asara.

Ni ma na yi tawa. Ranar da na haɗa firintata ta farko, ɗoki ya sa na zare wayar moto alhali wuta na kunne. Wani ɗan wari ya tashi, shi ke nan direban moton ya ƙone. Sai da na yi mako uku ina jiran wani ya iso, sauri ya haifi nawa.

Tsarin da muke bi ya samo asali ne daga aikin RepRap, wanda Dokta Adrian Bowyer ya fara a Jami'ar Bath da ke Ingila a 2005, ya kuma bar zanensa kyauta ga kowa. A 2013 wani matashi a birnin Lome na ƙasar Togo, Afate Gnikou, ya ƙera irinta da tarkacen tsofaffin kwamfutoci. Ƙwaƙwalwar tamu ita ce allon Arduino Mega 2560, a kansa ake ɗora allon RAMPS 1.4, shi kuma yana ɗaukar ƙananan direbobi A4988 masu juya moto.

Ƙa'idar aikin yau ɗaya ce: kowane sashe a gwada shi shi kaɗai kafin a haɗa na gaba. Ka ari mita, irin wadda masu gyaran rediyo da waya ke aiki da ita.

Fara da akwatin wuta. Da yawa daga cikinsu suna da ɗan makunni a gefe mai lamba 110 da 220. Wutar gidajenmu ta ɓangaren 220 ce, idan ka bar shi a 110 zai ƙone nan take. Wayar da ke shiga soket kuwa, malaminka ko ƙwararren mai gyaran lantarki ne zai haɗa ta, domin tana kisa. Bayan nan ka auna abin da akwatin ke fitarwa, ka ga volt 12 kafin ka kai shi kan allo, ja a wurin alamar +, baƙi a wurin alamar -.

Sai moto. Irin NEMA 17 da muke aiki da shi yana da waya huɗu, biyu-biyu suke tafiya, kuma launinsu ba abin dogaro ba ne. Ga dabara: haɗa bakin waya biyu, ka juya sandar moton da yatsa. Idan ta yi tauri, waɗannan biyun abokan juna ne, sai ka jera su kusa da juna. Wajen soka direba kuma, duba rubutun ƙafafunsa ya dace da na allon, domin idan ka juya shi baya, kunnawa ɗaya ta ishe shi.

Makunnan iyaka su ne ke gaya wa firinta ta kai ƙarshen hanya. A kan RAMPS kowanne yana da ƙafa uku: S da - da +. Makunni mai waya biyu a S da - ake sa shi. Wanda ya sa shi a + da -, da zarar an danna makunnin zai iya ƙona sashen da ke daidaita wuta a kan Arduino.

Inda ya fi bukatar natsuwa shi ne ɓangaren zafi. Bakin firinta yana kai wajen maki 200 a ma'aunin Salshiyos idan ana aiki da robar PLA, faranti kuma wajen maki 60. Abin da ke sa ido a kan wannan zafi wani ɗan ƙwayar gilashi ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba. A mita yana nuna kilo-om 100 idan zafin ɗaki maki 25 ne, a zafin bazara irin namu kuwa kana iya ganin wajen 65, kuma lafiyarsa lau. Ka ɗaure shi da kyau. Idan ya zame daga mazauninsa, allon zai ɗauka bakin ya huce, ya yi ta ƙara wuta har gobara ta tashi. Manhajar Marlin tana da tsarin da ke kashe wuta idan haka ta faru, ka tabbata yana kunne. Wayar faranti kuma ta zama mai kauri, domin tana jan wajen amfiya 10, siririya za ta yi zafi ta narke.

Ranar gwaji, jona kwamfuta ka buɗe manhajar Pronterface. Zafin da ta nuna ya yi daidai da na ɗakin? Rubuta M119, ka danna kowane makunni da yatsa, ka sake rubutawa ka ga ya sauya. Sannan ka motsa kowane moto milimita 10 kacal, ɗaya hannunka na kan makunnin kashewa. Idan ya tafi baya, kashe wuta tukuna, sannan ka juya filoginsa. Ɗumama baki shi ne na ƙarshe, kuma kada ka bar ɗakin yana kan wuta.

Aikin gida: kowace ƙungiya ta zana taswirar wayoyinta a takarda, ta manna wa kowace waya sunanta, ta nuna wa malami kafin a kunna. Mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu, za mu daidaita faranti mu fitar da abu na farko. A huta lafiya.