Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Izinin Gini da Hanyar Ruwan Sama a Dundaye

A watan Satumba na shekarar 2010 aka yi mamakon ruwan sama a ƙasashen da Gulbin Rima ke ratsawa, madatsar ruwa ta Goronyo ta cika maƙil, ruwan da ya fito daga cikinta ya biyo gulbi yana cin gonaki da gidaje a ƙananan hukumomin Goronyo da Wurno da Kware da Wamakko da Silame. Da ya iso fadamar Kwalkwalawa sai ya yanke hanyar da ta haɗa birnin Sakkwato da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Dundaye. Karatu ya tsaya, malamai da ɗalibai da mutanen ƙauyukan tsallake suka koma fito da kwalekwale, har sai da sojoji suka kafa gadar wucin gadi.

Wancan ruwa daga nesa ya taso, kuma babu wani magini a Dundaye da za a ɗora wa alhakinsa. Amma akwai wani ruwan da ba a jin labarinsa a rediyo, alhali kowace damina sai ya yi ɓarna. Shi ne ruwan da ke sauka a kan filin da aka share domin gini, ya kwashi ƙasa da yashi ya fita da su ta ƙofar fuloti, ya cike lambatu, ya toshe kwalbati, ya ci gefen hanya, daga bisani ya zube a fadama. Wannan ruwa an san mafarinsa, an san mai shi, ana kuma iya shan kansa da kuɗi kaɗan. Saboda haka ya kamata a daina ba da izinin gini ga wanda bai nuna hanyar da ruwan filinsa zai bi ba.

Abin da ke faruwa idan aka share fili

A matsakaicin lissafi Sakkwato na samun ruwan sama tsakanin milimita 600 zuwa 700 a shekara, kuma kusan dukansa yana sauka ne daga Yuni zuwa Satumba, musamman a watan Agusta. Mai karatu zai iya ganin wannan kaɗan ne idan aka kwatanta da kudancin ƙasar nan. To, amma a sha'anin zaizayar ƙasa, ƙarfin saukar ruwa ya fi jimillarsa muhimmanci. Ruwan wannan yanki da hadari da guguwa yake zuwa, ya zuba da yawa cikin ɗan lokaci, a kan ƙasar da ta shafe wata bakwai ko takwas a bushe.

Babban ɗigon ruwan sama yana dukan ƙasa da gudun da ya kai mita 9 a daƙiƙa ɗaya. Idan akwai ciyawa ko karmami ko ganyen itace, su ne ke karɓar dukan. Idan kuwa an sare itatuwa, katafila ta kankare saman ƙasa, to ɗigon zai tarwatsa ƙwayoyin ƙasar, ƙananan cikinsu su liƙe ƙofofin da ruwa ke bi ya nutse. Tifa da sauran manyan motoci kuma suna daɗa danne ƙasar har ta yi tauri kamar daɓe. Ruwan da ya rasa hanyar shiga ƙasa dole ya nemi gangare.

Lissafin abin ba shi da wuya. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya daidai yake da lita ɗaya. Fulotin da aka saba yankawa, mai ƙafa 50 da ƙafa 100, yana da faɗin murabba'in mita 450 ko kusa da haka. Idan aka yi ruwa na milimita 40 a dare ɗaya, lita 18,000 ke nan ta sauka a kansa, wato duro 90 mai cin lita 200. Lokacin da wurin yake gonar gero mai rairayi, ƙasa ke shanye mafi yawansa, abin da zai malala ba zai wuce duro 20 ba. Ranar da aka rufa kwano aka malale tsakar gida da siminti, sama da duro 70 ne zai fita waje. A unguwa mai sababbin gidaje 100, duro 7,000 ke nan suke neman hanya a lokaci guda. Bugu da ƙari, idan gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin da yake ɗauke da shi ninkawa huɗu yake yi. Wannan ne dalilin da ya sa ƴar siririyar hanyar ruwa ta bana take zama kwazazzabo bayan damina biyu ko uku.

Inda ƙasar take tafiya

Lokaci mafi hatsari shi ne tsakanin share fili da kammala gini. A nan ne ake samun tulin yashi da tsakuwa a bakin hanya, da ƙasar da aka haƙo daga ramin harsashi, da filin da babu ko ƙwayar ciyawa a kansa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa ƙasar da ruwa ke kwashewa daga wurin gini takan ninka ta gona sau 10 zuwa 20. A can kuwa galibi cikin watanni ake gama gini. A ƙasar Hausa mutum kan yi harsashi bana, ya ɗora bulo baɗi, rufi sai abin da hali ya yi, saboda haka fili ɗaya kan sha damina huɗu ko biyar a tone.

Dundaye tana kan tudu ne a bakin fadamar Rima, kuma tun da jami'ar da aka kafa a 1975 ta tare a nan, gidaje da shaguna da ɗakunan haya suke ƙaruwa a inda dā gonaki ne. Duk abin da ruwa ya ɗauka daga tudu, ƙasa zai gangara da shi. Tasharsa ta farko lambatu ne da kwalbati. Kwalbatin da yashi ya cike rabinsa ba zai iya ɗaukar ruwan da injiniya ya auna masa ba, sai ruwan ya hau kan titi ya ci gefensa, kwalta ta fara zubewa. Tasha ta biyu gidan maƙwabci ne na gangare, wanda katangarsa ta ƙasa ke jiƙa daga gindi har ta faɗi. Tasha ta uku fadama ce, inda ake noman shinkafa da albasa da tumatir. Laka mai laushi da gulbi ke kawowa taki ce ga manomi, amma yashi mai kaushi da ɓaraguzan bulo da ruwan wankin siminti binne shuka suke yi, su kashe ƙarfin ƙasa. Mai gini ya tsimi kuɗin buhu goma, manomi da maƙwabci da baitulmali su biya ninkin-ba-ninki.

Dabarar magabata

Maginan gargajiya sun san wannan al'amari, ko da ba su rubuta shi da alƙaluma ba. Wurin da aka haƙi ƙasar tubali shi ke zama kududdufi, kuma kwatocin unguwa can suke zubewa. Kududdufi yakan karɓi ruwa lokacin da yake tsananin gudu, ya riƙe shi, yashi ya kwanta, ruwan ya nutse a hankali ya ƙara wa rijiyoyi. Injiniyoyin yau tafkin tare ruwa suke haƙawa da gangan domin wannan aikin. Haka kuma al'ada ba ta yarda mutum ya karkata indararonsa cikin gidan wani ba, in kuwa ya yi, mai unguwa ne zai sa ya gyara.

Yanzu bulo ya maye gurbin tubali, an daina haƙa sababbin kududdufai a cikin unguwa, tsofaffin kuma ana cike su da shara a yanka fuloti, kamar yadda aka gani a Kano da sauran manyan birane. Gaskiya ne kududdufin da ba a kula da shi matattarar sauro ne, yara kuma kan faɗa ciki. Maganin wannan shi ne a kewaye shi, a hana zuba shara, a yi masa mafita. Idan aka cike shi ba tare da an yi wa ruwan wani masauki ba, ruwan ɗakunan mutane zai sauka.

Abin da doka ta tanada

Nijeriya ba ta rasa dokoki ba. A 1988 aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya bayan an gano dattin guba da aka jibge a garin Koko. A 1992 aka yi Doka mai lamba 86, wadda ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, da Doka mai lamba 88 ta tsara birane da yankuna. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, a 2011 kuma aka fitar da ƙa'idoji na musamman, ɗaya kan aikin gine-gine, ɗaya kan zaizayar ƙasa da ambaliya. Kafin nan, a 2003, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara gari da ba da izinin gini hurumin jihohi ne.

Giɓin da ke akwai a bayyane yake. Dokar binciken muhalli manyan ayyuka ta fi shafa, irin madatsun ruwa da manyan hanyoyi da masana'antu. Mai duba zanen gida kuwa ya fi mayar da hankali ga ƙarfin ginshiƙi da faɗin taga da tazarar gini daga titi. Ruwan ɗaruruwan ƙananan fulotai, wanda in aka tara shi ya fi na babbar masana'anta yawa, ya faɗa tsakanin ofisoshi. A Amurka, tun daga 2003, duk wanda zai tone filin da ya kai eka ɗaya sai ya sami izinin sakin ruwan sama, tare da rubutaccen shirin hana ƙasa fita daga filin. Ba dole ne a kwaikwayi tsarinsu baƙi da baƙi ba, amma tushensa abin ɗauka ne: wanda ya tone ƙasa shi ke da alhakin ruwan da ya bi ta kanta.

Abin da ya kamata izini ya ƙunsa

Ga mai fuloti ɗaya, shafi guda ya isa. A nuna inda gangaren filin ya nufa, da inda ruwan rufi zai zuba, da inda za a tara yashi. A wajabta abubuwa huɗu masu sauƙi. Na farko, kada a share fiye da wurin da za a gina a wannan shekara, a bar itatuwa da ciyawar sauran. Na biyu, a tara yashi da tsakuwa a cikin fili, nesa da lambatu, a kewaye su da bulo ko buhunan ƙasa. Na uku, a kafa shingen zana ko a jera buhuna a gefen gangare, domin ruwa ya wuce yashi ya tsaya. Na huɗu, a haƙa rami a cika shi da duwatsu domin ruwan rufi ya nutse, ko a tara shi a tanki, a kuma bar wani sashe na tsakar gida ba siminti.

Ga babban aiki, irin rukunin gidaje ko makaranta ko gidan mai ko hanya, a buƙaci lissafin injiniya wanda ya nuna yawan ruwan da ke fita kafin gini da wanda zai fita bayansa, da tafkin da zai riƙe bambancin. A dasa jema ko gamba a bakin magudanai, domin saiwoyinsu na ɗaure ƙasa. A riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har sai aikin ya ga damina ɗaya. Wuraren da tifa ke ɗibar yashi da jar ƙasa su ma su shiga wannan tsari, a mayar da bakinsu kwance bayan an gama, tun da ramin da aka bari da tsayayyen baki shi ne ƙofar kwazazzabo. Lokacin dubawa kuwa Mayu ne, kafin ruwan farko, sa'an nan Agusta, lokacin da kowane kuskure ke fitowa fili. Hanyoyin ruwa na asali da bakin fadama a zana su a taswira, a haramta yanka fuloti a kansu ko da wane ne mai nema.

Hujjar masu ja

Za a sami mai cewa talaka da ke haɗa kuɗin bulo da ƙyar ba ya bukatar ƙarin takarda, kuma kowace sabuwar ƙa'ida sabuwar kafar karɓar na goro ce. Wannan magana tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Amsarta ita ce a sa sharaɗin cikin izinin ginin da ake bayarwa tun asali, a rubuta shi da Hausa, kada a ɗora wa mai fuloti ɗaya ko kwabo a kansa. A kuma sanya masu unguwanni da hakimai a ciki, domin su ne ke shaida cinikin fili, su ne kuma suka san inda ruwa ke bi tun zamanin kakanni. Gwamnati kuwa ta fara da kanta, domin babu mai ginin da ya kai ta tone ƙasa. Talaka shi ne ya fi kowa cin moriyar wannan tsari, tun da gidansa ne na ƙasa, kuma shi ne ke zaune a gangare.

Ta fuskar kuɗi ma lissafin bai goyi bayan sakaci ba. Tun 1981 tarayya ke ware asusun kula da muhalli, an kuma karɓi rancen Bankin Duniya domin shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa, daga baya aka amince da dala miliyan 700 a 2021 domin shirin ACReSAL na jihohin Arewa 19 da Abuja. Cike kwazazzabo ɗaya da kankare na iya cin abin da zai saya wa unguwanni da dama zana da buhu.

Jami'ar da ke zaune a Dundaye tana da masana labarin ƙasa da kimiyyar ƙasar noma, tana da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai kowace shekara. Ma'aunin ruwan sama a makarantun yankin, da taswirar hanyoyin ruwa daga tudu zuwa fadama, da awon yashin da ke taruwa a kowane kwalbati, aiki ne da za su iya yi su miƙa wa hukumar tsara birane ta jiha, ta yadda mai ba da izini zai sami alƙaluman da zai dogara da su.

Mai ginin da aka nuna wa yashinsa a cikin lambatu yakan ce ba ruwansa. Alhali kuwa ruwansa ne, a kan filinsa ya sauka, ta ƙofarsa ya fita. Ranar da ake auna harsashi ita ce ranar da ya kamata a auna hanyar ruwa, domin bayan an ɗora bulo an zuba daɓe, gyaran sai da rushewa. Allah ya sa hukuma da magina su ankara tun kafin hadarin baɗi ya haɗu.