Sharhi: Me ya sa Super Eagles ke kasa cin ƙwallo a ranar da ake buƙata?

A daren 16 ga watan Nuwamban 2025, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta fitar da Najeriya daga neman gurbi a gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2026, bayan an tashi ci ɗaya da ɗaya a birnin Rabat na ƙasar Maroko, sannan Kongo ta yi nasara da ci 4 da 3 a bugun fenariti.

Wannan ne karo na biyu a jere da ƙungiyar Super Eagles ta rasa zuwa gasar, abin da bai taɓa faruwa ba tun daga 1994 da ta fara halarta.

Abin mamaki shi ne ƙasar da ta samar da gwarzon ɗan ƙwallon Afirka sau biyu a jere, wato Victor Osimhen a 2023 da Ademola Lookman a 2024, dukkansu 'yan wasan gaba, ita ce ƙarancin cin ƙwallo ya hana ta tafiya.

Abin da alkaluma suka nuna

A wasanni goma na rukuni, Najeriya ta ci ƙwallaye 15, aka zura mata takwas. A ido wannan ba laifi, amma huɗu daga ciki a wasa ɗaya aka ci su, wato na ƙarshe da Jamhuriyar Benin a Uyo, cikin watan Oktoban 2025.

A wasanni bakwai daga cikin goman, ƙwallo ɗaya tak Najeriya ta iya ci. Biyar daga cikinsu an tashi ɗaya da ɗaya, har da wanda ta yi da Lesotho da wanda ta yi da Zimbabwe a gida.

Daga ƙarshe Afirka ta Kudu ce ta jagoranci rukunin da maki 18, Najeriya na biye da 17, duk kuwa da cewa hukumar FIFA ta ƙwace wa Afirka ta Kudun maki uku saboda sanya ɗan wasan da aka dakatar.

Ke nan da ƙwallo ɗaya ta ƙaru a ko da ɗaya daga cikin canjaras ɗin nan biyar, da ba a kai ga zuwa Rabat ba.

Dogaro da mutum ɗaya

Bayanin da ya fi yawo a bakin masu sha'awar ƙwallo shi ne ƙungiyar ta jingina ga Osimhen, kuma alkaluma sun goyi bayan haka.

Wasanni biyar na rukuni da rauni ya hana shi bugawa, Najeriya ba ta ci ko ɗaya ba: canjaras huɗu, rashin nasara ɗaya. A biyar da ya buga kuwa, ta ci huɗu, ta yi canjaras ɗaya. Idan aka haɗa da wasannin Rabat, shi kaɗai ya ci takwas daga cikin ƙwallaye 20.

Wasan Kongo ya ƙara fito da lamarin fili. Frank Onyeka ya ci wa Najeriya a minti na uku, Meschack Elia ya farke kafin hutun rabin lokaci. Da aka dawo babu Osimhen saboda rauni, sai hare-haren Najeriya suka mutu, har aka gama ƙarin lokaci tana ta kare gida.

To amma wannan bayani bai isa ba. A watan Maris na 2022 Osimhen yana cikin fili a wasanni biyu da Ghana, aka tashi babu ci a Kumasi, sannan ɗaya da ɗaya a Abuja. Ƙwallon da Najeriya ta samu a mintuna 180 ta fenariti ce, kuma mai tsaron baya William Troost-Ekong ne ya ci.

Haka kuma a gasar cin kofin Afirka da aka yi a Ivory Coast a farkon 2024, Najeriya ta kai wasan ƙarshe da ƙwallaye takwas a wasanni bakwai. Troost-Ekong ya ci uku, Osimhen ɗaya.

Inda gizo ke saƙar

Ɗan wasan gaba ba ya cin ƙwallon da ba ta zo masa ba, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun bayan da Jay-Jay Okocha ya daina buga wa ƙasar wasa a 2006, Najeriya ta fi wadata da 'yan tsakiya masu ƙwace ƙwallo, irin su Wilfred Ndidi da Onyeka, fiye da masu raba ta.

Idan abokan karawa suka taru a bayansu, kamar yadda Lesotho da Zimbabwe suka yi, sai Najeriya ta koma ga doguwar ƙwallo ta sama da kuma bugu daga gefe, tana fatan wani ya yi bajinta shi kaɗai.

Gasar cin kofin Afirka da aka fara a Maroko a watan Disamban 2025 ta nuna cewa matsalar na da magani. Koci Eric Chelle ya sanya Lookman a bayan 'yan gaba biyu, Osimhen da Akor Adams, Alex Iwobi kuma yana raba ƙwallo daga tsakiya. Sakamakon shi ne ƙwallaye 14 a wasanni biyar, ciki har da ci huɗu da nema a kan Mozambik da biyu da nema a kan Aljeriya.

Sai dai da aka zo wasan kusa da na ƙarshe da mai masaukin baƙi a ranar 14 ga Janairun 2026, an dakatar da Ndidi, Maroko ta mamaye tsakiyar fili, Najeriya ta shafe mintuna 120 ba ta ci ba, ta fita a fenariti. A wasan neman matsayi na uku da Masar ma babu ci aka tashi, fenariti ne ya ba ta nasara.

Darasin a nan shi ne tsari ɗaya ƙungiyar ke da shi, idan aka toshe shi babu na biyu.

Rawar hukuma

Tsari na biyu kuwa sai da lokaci da kwanciyar hankali ake gina shi, kuma su ne hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, NFF, ba ta samar ba.

Masu horarwa uku ne suka jagoranci wasannin neman gurbin: Jose Peseiro a 2023, Finidi George a 2024, sai Chelle daga 2025. A tsakani an sanar da ɗaukar Bruno Labbadia ɗan Jamus, yarjejeniyar ta wargaje cikin 'yan kwanaki, Augustine Eguavoen ya riƙe na wucin gadi.

Sannan kwana biyu kafin wasa da Gabon a Rabat, 'yan wasan sun ƙaurace wa atisaye saboda kuɗaɗen alawus da suke bin hukumar. Bayan wasan Kongo kuma Chelle ya yi zargin cewa wani daga ɓangaren abokan karawar ya yi tsafi, maganar da ta ɗauke hankali daga tambayoyin da suka fi muhimmanci.

Daga ina magada za su fito?

Ga mai kallon ƙwallo a Sule Tankarkar ko Gumel ko Maigatari ko Gagarawa, wanda ke biyan kuɗi a gidan kallo don ganin wasan da ake bugawa a Uyo, akwai wata tambayar da ta fi kusa da gida.

Rashidi Yekini, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallaye 37, a Kaduna ya fara wasa, haka ma Daniel Amokachi. Ahmed Musa ya ci ƙwallaye 18 a gasar gida yana Kano Pillars a kakar 2009/2010 kafin ya tafi Turai, kuma huɗun da ya ci Ajantina da Iceland a 2014 da 2018 su ne mafi yawa da wani ɗan Najeriya ya ci a gasar duniya.

Wannan hanya ta ƙuntace. Jigawa Golden Stars ta faɗo daga babbar gasar ƙasar a 2021, kuma har kakar 2025/2026 ba ta koma ba. Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofi sau huɗu tsakanin 2008 da 2014, ita ma ta faɗo a 2022 kafin ta dawo bayan shekara guda.

A gasar CHAN ta 'yan wasan cikin gida da aka yi a watan Agustan 2025, Senegal ta doke Najeriya ɗaya da nema, Sudan ta lallasa ta huɗu da nema, aka fitar da ita tun a zagayen farko.

Lokacin da za a buga gasar duniya ta 2030, Osimhen zai kasance yana da shekara 31, Lookman 32, kuma babu wanda ya taɓa halartar gasar a cikinsu. Ko za su same ta, ya danganta ne da ko hukumar za ta bar koci ɗaya ya zauna, ta biya haƙƙi a kan kari, ta kuma farfaɗo da gasar gida da a da take samar da masu cin ƙwallo.