Gidajen Talakawa, Ko Na Masu Hannu Da Shuni?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata! Gwamnatin Shagari, wadda ta hau mulki a 1979, ta yi alkawarin gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara. Har sojoji suka hamɓarar da ita a 1983, ko rabi ba a gina ba. Bayan 2011 aka gina Kwankwasiyya, Amana da Bandirawo a gefen birnin Kano. Shin manomin shinkafa na Watari, ko malamin firamare na Bagwai, zai iya kuɗinsu?

Ba mu ƙi tallafin gwamnati ba, amma a gindaya sharaɗi: kowace sabuwar unguwa a keɓe wa mai ƙaramin ƙarfi kasonsa, ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, ya yi maƙwabtaka da babban sakatare. In ba haka ba, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!