Disney a Tsibirin Yas: Inuwa, Labari da Gumin Lebura

Ranar 7 ga Mayun 2025 kamfanin Disney ya sanar da cewa zai kafa sabon dandalin shaƙatawa a tsibirin Yas da ke Abu Dabi, babban birnin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Wannan shi ne zai zama na bakwai a duniya, bayan na Kalifoniya da aka buɗe a 1955, da na Fulorida a 1971, da Tokyo a 1983, da Paris a 1992, da Hong Kong a 2005, sai Shanghai a 2016. Shi ne kuma na farko a Gabas ta Tsakiya. Sanarwar ba ta zo da ranar buɗewa ba, ba ta faɗi kuɗin da aikin zai ci ba, ba ta nuna taswira ba. Abin da aka ba jama'a shi ne 'yan zane-zane, wanda ya fi ɗaukar ido a cikinsu na wata fada ce mai ƙyalli kamar an sassaƙa ta da ƙarau, tana murɗewa zuwa sama a bakin teku.

Tun daga ranar aka shiga hasashe. Masu bibiyar irin waɗannan wurare sun dukufa kan hotunan tauraron ɗan'adam suna neman filin da ya rage a tsibirin, yawancinsu suna nuna gaɓar arewa inda har yanzu akwai sarari. Wasu na gardama kan ko za a rufe wurin baki ɗaya da rufi, ko za a bar shi a buɗe. Wasu kuma sun riga sun raba filin: nan sashen fim ɗin Frozen, can Star Wars, ga Marvel, ga Aladdin. Dillalan gidaje ba a bar su a baya ba, domin sunan Disney ya shiga tallarsu tun kafin a kafa harsashi.

Ba na ganin laifin mai hasashe, ɗoki ne ya kawo shi, kuma kamfanin ya daɗe da sanin amfanin yin gum. A 1964 da 1965 Walt Disney, mai kamfanin, ya sayi kusan eka 27,000 a tsakiyar Fulorida ta hannun wasu ƙananan kamfanoni da ba su ɗauke da sunansa, don kada masu filaye su tsawwala. Mutanen yankin sun yi ta zaton wani kamfanin ƙera jirage ne ko na motoci, har sai da wata 'yar jaridar Orlando Sentinel, Emily Bavar, ta gano mai sayen a watan Oktoban 1965. Da labarin ya fito farashin fili ya yi tashin gwauron zabi. A Yas babu wannan fargaba, tunda Miral, kamfanin da zai yi aikin, na gwamnatin Abu Dabi ne. Shirun yanzu talla ce kyauta: muddin ba a faɗa ba, mutane za su ci gaba da magana.

Zaɓen Yas kuwa ba ya buƙatar dogon nazari. A can ake tseren motocin Formula 1 tun 2009. A can aka buɗe wuraren shaƙatawa na Ferrari World a 2010, da Yas Waterworld a 2013, da Warner Bros. World a 2018, da SeaWorld a 2023. Babban filin jirgin saman Zayed na nan kusa, Dubai kuma tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a mota. Disney da kansa ya ce kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya suna iya isa ƙasar cikin awa huɗu a jirgi, kuma kowa ya san Indiya ake hange da wannan lissafi. Ko an sa ginin a arewacin tsibirin ko a wata gaɓa, bambancin 'yan mintuna ne ga mai zuwa.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kai shi ne tsarin yarjejeniyar. Miral ne zai zuba kuɗin, shi zai gina, shi zai gudanar da wurin. Disney zai kawo masu zanensa da sunansa, ya sa ido kan yadda ake tafiyar da aikin, ya karɓi kasonsa. Idan aka yi asara, aljihun Abu Dabi ne zai ji a jikinsa. Irin wannan tsari aka yi a Japan, inda kamfanin Oriental Land ya mallaki dandalin Tokyo yana biyan Disney ladan suna. Da yake Japanawa su ne masu kuɗin, ba su yarda an yi musu aikin ƙwauro ba, kuma dandalin DisneySea da suka buɗe a bakin teku a 2001 yana cikin waɗanda masu sha'awar wannan harka suka fi yabawa a duniya. Ra'ayina ke nan a taƙaice: tunda Abu Dabi ce mai biya, tana da bakin da za ta ce ga abin da take so, kuma da abu uku ya kamata a auna ta.

Na farko inuwa. Duk wanda ya taɓa sauka a Dubai ko Abu Dabi a watan Yuli ya san abin da nake nufi. Kana fitowa daga cikin sanyin filin jirgi gilashin idonka zai yi hazo, rigarka ta manne a bayanka kafin ka kai ga mota. Zafin yakan haura digiri 40, ga danshin teku da ke hana gumi bushewa. Shi ya sa Ferrari World da Warner Bros. World da SeaWorld duk a ƙarƙashin rufi suke, da na'urar sanyaya ɗaki. Alhali Disney ya gina sunansa ne a kan fili buɗaɗɗe: doguwar hanya zuwa fada, jerin gwanon 'yan wasa da rana, wasan wuta da dare. Bob Iger, wanda ke shugabantar kamfanin lokacin sanarwar, ya ce za a haɗa ciki da waje. Maganar ta yi daɗi a kunne, amma a aikace za a gane ta. Uwa mai goyo da ta biya kuɗin tikiti za ta tsaya a layi a ƙarƙashin rufi ne ko a rana? Tsoho zai samu wurin zama da ruwan sha ba tare da an sayar masa da tsada ba? A Paris masu zane sun yi dogayen rumfuna a bayan shagunan babbar hanya saboda ruwan sama da sanyi. Su ma Larabawan Tekun Fasha suna da tsohuwar fasaharsu ta zama da zafi: lunguna matsattsu masu inuwa, da hasumiyar iska da ke jawo sanyi cikin ɗaki, wadda har yanzu ana ganinta a tsohuwar unguwar Al Fahidi ta Dubai. Mai zane da ya koyi wani abu daga nan zai rage wutar lantarkin da wurin zai sha, ya kuma girmama ƙasar da ya zo.

Na biyu labari. An yi alkawarin cewa wurin zai kasance Disney na gaske, kuma mai kamannin Daular. Kusan irin wannan alkawarin aka yi wa Sinawa kafin buɗe na Shanghai, inda aka cika wani sashe nasa: aka sauya babbar hanyar nan mai kama da ƙauyen Amurka, aka yi lambu mai ɗauke da dabbobi goma sha biyu na kalandar Sin. A Hong Kong har karkata ƙofar shiga aka yi bisa shawarar masana tsarin gini na gargajiya. A Paris kuwa sai da aka sha wuya kafin a koyi darasi. An buɗe wurin da ɗabi'un Amurka zalla, Faransawa suka yi ta suka, aka tafka asara a shekarun farko, dole aka sauya dokoki da ma sunan wurin.

Abin da nake gudu a Yas shi ne hanya mai sauƙi, wato a ɗauko Aladdin a ce ga al'adar Larabawa. Fim ɗin na 1992 ya nuna wata ƙasar Larabawa ce ta mafarkin Bature, har sai da Larabawan Amurka suka yi ƙorafi aka sauya wasu baitocin waƙar buɗewarsa a 1993. Mutanen wannan gaɓa suna da labarinsu na haƙiƙa. Kafin man fetur, da nutson neman lu'ulu'u suke rayuwa. Maza su shiga jirgin katako su yi watanni a teku a tsakiyar zafi, mai nutso ya toshe hancinsa da ɗan maƙali, a ɗaura masa dutse a ƙafa ya nutse, abokinsa na sama riƙe da igiya, ransa a hannunsa. Akwai mai waƙar jirgi da ke ƙarfafa musu gwiwa, akwai mata a gaɓa suna jiran dawowa, akwai bashin da ke bin iyali daga uba zuwa ɗa. Sana'ar ta durƙushe ne a shekarun 1930 bayan Japanawa sun fara noman lu'ulu'u. Yas Waterworld ya riga ya taɓa wannan labari sama-sama. Kamfanin da ke alfahari da iya ba da labari zai iya yin abin da ya fi haka, in masu gida sun nema.

Akwai kuma batun tarbiyya, wanda na san shi ke ran iyaye da yawa. A 2022 hukumomin Daular sun hana nuna fim ɗin Lightyear na Disney a gidajen kallo saboda abin da suka ce ya saɓa ƙa'idojinsu. Ke nan ɓangarorin biyu sun san inda suka bambanta. Ya fi kyau a fayyace wannan tun a takarda: masallatai a cikin wurin ba a wani lungu ba, abinci na halal, tsarin lokaci da ya san da azumi, da wasannin da magidanci zai kalla da 'ya'yansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Na uku, kuma shi ne masu hasashe suka fi mantawa da shi, gumin lebura. Kusan kashi 90 cikin ɗari na mazauna Daular baƙi ne. Waɗanda za su haƙa harsashi su ɗora ƙarfe 'yan Indiya ne da Pakistan da Bangladash da Nepal, da 'yan'uwanmu na Afirka. A tsibirin Saadiyat, wanda ba shi da nisa da Yas, ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2009 kan ma'aikatan da ke gina yankin gidajen tarihi da jami'a, inda ta ambaci ƙwace fasfo, da bashin da dillalan aiki ke ɗora wa mutum tun daga ƙasarsa, da jinkirin albashi. Gaskiya ne an yi gyare-gyare tun daga lokacin. Akwai dokar da ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:00 na yamma, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, akwai kuma tsarin biyan albashi ta banki. Amma doka a takarda daban, abin da ke faruwa a sansanin ma'aikata daban. Disney ba zai iya fakewa da cewa ba shi ne mai gini ba, tunda sunansa ne za a rubuta a ƙofa. Wurin da aka ce an gina don farin cikin yara bai kamata a gina shi da hawayen uban da ya bar nasa yaran a ƙauye yana biyan bashin biza ba. Ina son in ga an bayyana ƙa'idojin ɗaukar ma'aikata, an bar masu bincike masu zaman kansu su shiga, an kuma fitar da abin da suka gani.

Sannan mu tuna cewa zane ba gini ba ne. A 2003 Dubai ta sanar da dandalin Dubailand da niyyar ya zarce na Disney a Fulorida girma. A 2008 aka aza harsashin dandalin Universal a can, rikicin tattalin arzikin duniya ya zo, aka bar ƙofa ita kaɗai a tsaye cikin rairayi, daga baya aka soke aikin. Dandalin Six Flags da aka shirya a Dubai shi ma an fasa shi a 2019. Ba na fatan haka ga Yas, kuma Miral ya nuna yana gama abin da ya fara. Amma ko a bakin shugabannin Disney, zane zai ci shekara ɗaya zuwa biyu, gini kuma huɗu zuwa shida. Tsakanin alkawari da yanka kintinkiri akwai farashin mai, akwai siyasar yankin, akwai abin da Allah kaɗai Ya sani.

Nan ne maganar ta shafe mu. 'Yan kasuwarmu sun daɗe suna zirga-zirga zuwa Dubai, masu hali a cikinmu suna sayen gidaje a can, matasanmu kuma suna neman duk wata ƙofa ta fita aiki. Kada mu manta cewa a 2022 Daular ta daina ba 'yan Najeriya biza, ba a janye matakin ba sai a Yulin 2024. Duk lokacin da babban suna irin wannan ya fito, 'yan damfara sukan riga kowa shiri. Idan wani ya zo maka da takardar gida "kusa da Disney" alhali ba a nuna taswirar wurin a hukumance ba, ka riƙe kuɗinka. Idan wani dillali ya ce ka sayar da gona ko babur ka ba shi, zai samar maka aiki a wurin, ka nemi takardar kwangila, ka tabbatar da sunan kamfanin da lasisinsa, domin dokar Daular ta ɗora kuɗin ɗaukar ma'aikaci a kan mai ba da aiki ne, ba a kan mai nema ba. Iyaye da malamai da masu unguwanni, ku isar da wannan ga yaranmu tun kafin dillalan su riga ku.