FILIN KIWON LAFIYA: KARAYAR IDON SAWU, ƊORI KO TIYATA?

Duk wanda ya san Babbar Kasuwar Gombe da kasuwar hatsi ta Tudun Hatsi ya san cewa ƙafa ita ce jarin ɗan dako. Mutum zai ɗauki buhun masara a wuya, ya bi ta kan katako ya hau babbar mota, to, in santsi ya kwashe shi ko babur ya buge shi, sau da yawa idon sawu ne kan fara biyan bashin. Abin da aka yi masa cikin kwana biyun farko shi ne zai nuna ko zai koma bakin aikinsa ko kuwa zai ƙare da sanda.

Idon sawu mahaɗa ce ta ƙasusuwa uku: biyu na ƙwauri, da ɗaya na ƙafa wanda ke zaune a tsakaninsu kamar ƙota cikin gatari. Nauyin jiki duka a kan wannan ɗan wuri yake sauka. A shekarar 1976 waɗansu likitoci biyu a Amurka, Ramsey da Hamilton, sun nuna cewa in ƙashin nan ya goce da milimita 1 kacal, wurin da ƙasusuwan ke haɗuwa yakan ragu da kashi 42 cikin 100. Ke nan nauyi zai taru a ƙaramin wuri, guringuntsi ya cinye, bayan 'yan shekaru ciwon gaɓa ya kama mutum har ƙarshen ransa.

Saboda haka ba kowace karaya ake yi wa aiki iri ɗaya ba. Da farko likita zai ɗauki hoton ƙashi. In ƙashin bai goce ba, filasta ta isa, ana barinta kamar mako 6. In kuwa ya goce, sai a yi tiyata, a mayar da shi mazauninsa, a ɗaure shi da faranti da kusoshi na ƙarfe marar tsatsa. Wannan dabara ta bunƙasa ne a hannun wata ƙungiyar likitocin ƙashi da aka kafa a ƙasar Suwizalan a 1958. Bayan aikin, yawanci ba a yarda majinyaci ya taka ƙafar ba sai an yi kusan mako 6, sa'an nan a shiga koya wa gaɓar motsi. Shan taba da ciwon sukari suna jinkirta warkewa.

Babu mai musun cewa masu ɗori sun daɗe suna yi wa jama'a hidima, ga su kusa, ga sauƙin kuɗi. Amma hannu ba ya ganin abin da hoto ke gani. Babban haɗarin shi ne ɗaure ƙafa da karare tamau alhali tana cikin kumbura. Jini zai tsaya, naman da ya rasa jini kuwa yakan soma mutuwa cikin awa 6. In yatsu suka yi sanyi, ko suka yi baƙi, ko suka daina jin taɓi, ko zafi ya yi ta ƙaruwa, lalle a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti. Haka kuma in ƙashi ya huda fata, wannan ba aikin gida ba ne, domin sai an wanke raunin a ɗakin tiyata, an yi allurar rigakafin sandarewar jiki.

Mutane da yawa suna gudun asibiti don tsoron a yanke musu ƙafa. Gaskiyar magana ita ce, wanda ya zo da wuri gyara ake yi masa. Yankewa takan faɗa ne kan wanda ya zo bayan ƙafa ta ruɓe. Kuma ba a rasa wurin zuwa ba. A cikin garin Gombe akwai asibitin tarayya da aka kafa a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar, wanda daga baya ya zama asibitin koyarwa. A Kano kuma ga Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke aiki tun 1959.

Saura batun kuɗi, domin tiyata ba araha ba ce ga mai cin abin da ya samu a yini. A nan ya kamata shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin 'yan dako su kafa asusun taimako, kowa ya riƙa jefa ɗan abin da ya sawwaƙa, yadda ranar da tsautsayi ya auka wa ɗayansu za a kai shi a ɗauki hoto kafin kowa ya taɓa ƙafar. Allah ya kiyashe bayinsa, amin.