Gam ɗin da ke riƙe da ƙafar jirgi

Tun da aka harhaɗa jiragen Air Beetle guda 60 a nan Kaduna domin horar da mayaƙan sama, sha'awar ƙera jirgi ba ta bar zukatan samarinmu ba, lamarin da ya cancanci yabo. Sai dai wanda ya yi azamar haɗa ƙafar jirginsa da fallayen katako, ɗaya bisa ɗaya, wajibi ne ya sani cewa farin gam ɗin da kafintocin Malali ke manna kujera da shi, wanda ke saki in ya sha laimar damina, ba zai ɗauki nauyin jirgi ba sa'ad da ya dira ƙasa. A ra'ayina gam ɗin resosinol ya fi, domin ba ruwansa da zafin bazara ko ruwan Agusta, illa dai yana bukatar fallayen su haɗu ƙam, a kuma matse su. Gam ɗin efoksi kuwa yakan cike giɓi, amma rana mai tsanani tana sassauta shi. Kafin komai, a manna guntaye biyu, su bushe, a sa guduma. In gam ya rabu katako bai tsage ba, a zubar da shi.